Ƙudan Mangwaro da Kitsen Jikinmu

A 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da tallafin bincike na Jami'ar Harvard, har FlyBase, rumbun bayanan ƙudan 'ya'yan itace da ya dogara da wannan tallafi, ya koma neman gudummawa. Mai saurin yanke hukunci zai ce gara haka, ina amfanin zuba dala a kan ƙuda? Wannan rashin sani ne.

Ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro, Drosophila, shi Thomas Hunt Morgan ya yi nazari a kai har ya ci lambar Nobel a 1933. Kusan kashi 75 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da ke da hannu a cututtukan mutum suna da takwarori a jikinsa. Yana tara kitse, kuma idan aka cika masa suga sai ya nuna alamun ciwon suga. Sinadaran enzayim da ke ƙera kitsen, irin su FASN1 da Lipin, dangin namu ne.

Kafin a gan su cikin ƙwayar halitta galibi sai da antibodi, wato ƙwayar garkuwa da ake samarwa a jinin zomo ko ɓeran Masar, ta je ta manne wa enzayim ɗaya tak, ta haska shi a madubin bincike. A nan gizo ke saƙar. Yawancin na kasuwa don furotin na mutum da ɓera aka yi su, ba lallai su gane na ƙuda ba. Kuma kaya ne masu son sanyi. Firiji ya mutu, sun lalace.

Abin da ke damuna shi ne, muna da masu wannan aiki a gida, amma wa ya san da su? A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, cibiyar CAMRET tana gwada tasirin abinci a kan waɗannan ƙudaje, har zuwa 'ya'ya da jikokinsu. Ƙuda ya fi ɓera araha nesa ba kusa ba, cikin kwana goma ya zama babba. Wannan bincike ne daidai aljihunmu, a ƙasar da ciwon suga ke ƙara yawa. Amma ɗalibi zai sayi antibodi da dala, ya jira watanni, sannan ya kwana yana fargabar ɗaukewar wuta.

Hukumar TETFund da shugabannin jami'o'i, gine-gine sun isa haka. Ku sa wa ɗakunan bincike sola, ku ware kuɗin sinadarai duk shekara, ku kuma kafa wurin samar da antibodi ko da guda ɗaya ne a Arewa.