KIBIYA DA BAKANTA

Da kaka, bayan an gama yankan dawa, akan ga yara a bayan gari da 'yan bakunansu da kibau na kara, suna bin ƙadangaru da kurciyoyi. Yaro ya ja tsirkiya, ya auna sosai, ya saki, sai kibiyar ta yi gefe, ko kuwa ta tafi tana kaɗa wutsiya kamar tarwaɗa. Nan da nan sai ya ce bakan ne ba shi da kyau. Amma in tsohon maharbi yana kusa, ba zai dubi bakan ba tukuna. Kibiyar zai ce a miƙo masa.

A wannan wata za mu duba yadda gwanayen harbi suke gyaran kibiya har ta tafi sosai. Iyaye kuma su karanta har ƙarshe, gama zancen ya shafe su.

Wani Irin Baka

Bakan maharbanmu na gida yawanci sanda ce guda da aka tanƙwara. Amma a ƙasashen Asiya akwai wani irin baka wanda kawunansa biyu suka lanƙwasa gaba, suna duban inda kibiya za ta. Wannan lanƙwasa ce take sa shi ya tura kibiya da ƙarfi ƙwarai, ko da yake gajere ne. Mutanen dā sukan yi shi da itace, su manna ƙaho ta ciki, jijiyar dabba kuwa ta baya. Masarawa ma sun san wannan haɗi, gama a kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922, an tarar da bakuna na ƙaho da jijiya tare da kibau masu yawa.

Turkawa, da mutanen Mongoliya, da na Koriya sun shahara da irin bakan nan. Har wa yau a Koriya masu bin harbin gargajiya sukan tsaya mita 145 daga abin da suke harbi. A wasannin Olamfik kuwa, inda aka komo da harbin baka a 1972, da sabon samfurin wannan baka ake harbi, daga nisan mita 70. A irin wannan nisa, 'yar karkata kaɗan a wurin fita takan zama babban kuskure a wurin sauka.

Sai Ta Tanƙwara Kafin Ta Miƙe

Ga abin mamaki. Da aka ɗauki hoton majigi na kibiya tana barin baka, aka nuna shi sannu sannu, sai aka ga ashe ba a miƙe take fita ba. Tsirkiya tana turo ta daga baya farat ɗaya, ƙarfen da yake kanta kuwa yana da nauyi, ba ya motsawa da sauri haka. Saboda haka tsakiyarta takan tanƙwara, ta kewaye mariƙin baka, ta komo, ta sāke tanƙwarawa wancan gefe, sa'an nan a hankali ta miƙe cikin iska.

Watau miƙewar kibiya kaɗai ba ta isa ba. Tilas ne taurinta ya dace da ƙarfin bakan da zai harba ta. In ta cika tauri, ba za ta kewaye mariƙin ba, sai ta kauce. In ta cika taushi, sai ta tanƙwara fiye da kima, ta kauce ta ɗaya gefen. Kibiyar da ta dace da bakan ƙato ba za ta yi wa bakan yaro amfani ba, ko da ta fi kowace kyau.

Masu yin kibau na zamani suna da hanyar gwada tauri. Sukan ɗora sandar a kan turaku biyu masu nisan inci 28 tsakaninsu, su rataya nauyin giram 880 a tsakiya, su auna yawan lanƙwasar da ta yi. Mutanen dā kuwa da hannu da ido suke yin wannan aiki.

Gyara Kafin Harbi

Da fari sai a duba miƙewa. A mirgina sandar a kan tebur mai sumul, ko a sa ido ɗaya a bi tsawonta ana juya ta. Inda ta karkace, a gasa wurin sama sama a kan garwashi, kada ya ƙone, a tanƙwara da hannu kaɗan kaɗan, a riƙe har ya huce. Wani lokaci sai an yi haka sau uku ko huɗu, gama itace yakan so komawa yadda ya saba.

Na biyu, kibau na kwari guda su zama tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. In ba haka ba, kowace da inda za ta sauka.

Na uku, gashin tsuntsu. Akan manna guda uku a gindin kibiya, yawanci na talotalo ko na dinya. Amma dukansu su fito daga fiffike na gefe guda, na dama duka ko na hagu duka, domin su sa kibiya ta riƙa juyawa waje ɗaya.

Na huɗu, a duba tsirkiya. Awon mutanen dā shi ne a dunƙule hannu a kan mariƙi, a miƙe babban yatsa, ya kusa taɓa tsirkiya. In tsirkiyar tana dukan hannu, bakan kuma yana ƙara da yawa, a kwance ta a murɗa ta kaɗan domin ta ƙara nisa da mariƙi.

Gwajin Da Ba Ya Ɓoye Kome

Gashin tsuntsu yana da wata dabara: yakan rufe laifin kibiya. Ko ta fita a karkace, gashin yakan ja gindinta ya daidaita ta, mai harbi ya yi tsammani kome lafiya. Domin wannan gwanaye sukan bar kibiya ɗaya ko biyu ba gashi. Su tsaya kamar taki 15, su harba uku masu gashi, sa'an nan marasa gashi, su duba inda kowace ta sauka.

Da sama da ƙasa ake farawa. In marar gashi ta sauka ƙasa da sauran, wurin zamanta a tsirkiya ya yi sama da yawa, sai a saukar da shi kaɗan. In ta sauka sama da su, sai a ɗaga shi.

Sa'an nan dama da hagu. Ga mai jan tsirkiya da yatsu uku na hannun dama, kibiya tana gefen hagu na baka, in marar gashi ta yi hagu, ta cika tauri. Maganinta a sa mata kai mai nauyi. In ta yi dama, ta cika taushi, sai a rage tsawonta kaɗan, ko a sa kai marar nauyi. Ga mai ja da babban yatsa irin na Turkawa da Koriyawa, kibiya tana gefen dama, sai a juya lissafin. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a sāke gwadawa. A kuma yi hankali da wuƙa, gama abin da aka yanke ba ya komowa.

Maharbanmu sun san wani abu a nan. Kibansu na kyauro yawanci ba su da gashi ko kaɗan, nauyin ƙarfen maƙera ne yake jan su gaba. Shi ya sa maharbi yakan zauna ya zaɓi kyauro ɗaya ɗaya, ba ya ɗiba a dami.

Gargaɗi ga yara da manya: kada a saki tsirkiya ba kibiya a kai, gama bakan yana iya karyewa. Kada a harba kibiya mai tsaga, tana iya fashewa ta shiga hannu. Kada kuma a auna mutum, ko da wasa.

Kwarin Da Yake Gidanka

Zabura 127 ta kamanta 'ya'ya da kibau a hannun jarumi. Kibiya kuwa ba domin ta zauna a kwari aka yi ta ba. Rana tana zuwa da ɗanka ko 'yarki za su tafi makarantar kwana, ko birni neman aiki, ko gidan aure. A ranar nan ba sauran gashi, watau ba idon uba, ba muryar uwa, ba dattawan ikilisiya kusa. A nan ne za a ga abin da yake cikin sandar.

Saboda haka, ku iyaye, ku yi gwajin tun suna gida. Ku aiki yaro kasuwa da kuɗi, ku ba shi aikin da ba mai tsaya masa, ku ga inda ya sauka, ku gyara da sauran lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku tuna kuma ba taurinsu ɗaya ba. Wani ɗa sai an ɗora masa nauyi kafin ya yi laushi, wani kuwa tsawa ɗaya ta isa ta karya masa zuciya. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a kan wannan a Kolosiyawa 3:21.

Amma ba kullum laifin kibiya ba ne. Zabura 78:57 ta yi zancen baka mai yaudara. In uba yana koyar da gaskiya da baki, yana kuwa ƙarya a kasuwa, kada ya yi mamaki in kibiyarsa ta kauce.

Yau da dare, bayan an ci tuwo, ku tara iyali ku karanta Zabura 127 tare. Ku kira sunan kowane yaro a cikin addu'a, ku roƙi Ubangiji ya ba ku ido na gane halin kowannensu, da haƙurin gyara kaɗan kaɗan.