Sababbin Ƙa'idojin Harajin VAT da Shirin da Ya Kamaci 'Yan Kasuwar Minna

Harajin VAT kuɗi ne da ake ɗorawa kan farashin kaya ko aiki a duk matakin da aka sayar da shi, kuma mai saye na ƙarshe ne ke ɗaukar nauyinsa, ɗan kasuwa kuwa wakili ne kawai da ke karɓa ya miƙa wa hukuma. An fara karɓarsa a Nijeriya ranar 1 ga Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, inda ya maye gurbin harajin sayarwa da jihohi ke karɓa tun 1986, sannan aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokokin haraji huɗu, waɗanda manyan tanade-tanadensu suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, kuma ta koma NRS. Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙarin VAT da aka nema, saboda haka kason ya tsaya a 7.5, amma an sauya wanda zai karɓa, da abin da zai cire kafin ya biya, da irin shaidar da za a nema a hannunsa.

Matakin farko shi ne ɗan kasuwa ya san ajinsa. A da, wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba ne aka ɗauke wa karɓar wannan haraji, yanzu kuwa an faɗaɗa sassaucin ga wanda cinikinsa bai wuce miliyan 100 ba, muddin kadarorin sana'arsa, irin su gini da injuna, ba su haura miliyan 250 ba, sai dai ban da masu ayyukan ƙwararru kamar lauyoyi da akantoci. Wannan ya fitar da mafi yawan masu shaguna a Kasuwar Kure da Kasuwar Gwari daga wahalar cike takardun wata-wata. Abin lura shi ne jimillar ciniki ake dubawa, ba riba ba, don haka mai sarin siminti ko rodi a Tunga ko Kpakungu kan iya haye iyakar ba tare da ya ankara ba, ganin yadda farashi ya tashi a 'yan shekarun nan. Wanda ba ya rubuta cinikinsa ba shi da abin da zai nuna ranar da aka tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗauki kansa ƙarami.

Mataki na biyu shi ne rarrabe kaya, domin doka ta kasa su gida uku. Akwai masu haraji kashi 7.5, akwai waɗanda aka sa wa kashi sifiri, kamar kayan abinci na yau da kullum, magunguna, littattafan karatu, takin zamani, iri da abincin dabbobi, akwai kuma waɗanda aka keɓe gaba ɗaya, kamar filaye da gine-gine da sufurin fasinja a motocin haya. Ga mai saye, kashi na biyu da na uku duk ɗaya ne, amma ga mai sayarwa tazarar tana da faɗi, saboda mai kaya na kashi sifiri yana da ikon neman a mayar masa da harajin da ya biya wajen samar da kayan, alhali mai kayan da aka keɓe ba shi da wannan dama. A jiha irin Neja, wadda arzikinta ya dogara da doya da shinkafa da masara da kiwo, mai injin gyaran shinkafa da ya fahimci wannan zai rage wa kansa asarar kuɗi masu kauri.

Babbar ribar sabuwar dokar tana cikin harajin da ɗan kasuwa ya riga ya biya wajen saye. Misali, wanda ya saro kayan naira miliyan 10 ya biya harajin naira 750,000, idan ya sayar da su miliyan 12 zai karɓi naira 900,000, abin da hukuma ke binsa kuma naira 150,000 ne kacal. A tsohuwar doka, cirewar ta taƙaita ga kayan da aka saya don sayarwa ko sarrafawa, yanzu kuwa ta haɗa da injuna da sauran kayan aiki masu daɗewa, da ayyukan da wasu suka yi wa kamfani. Sharaɗin shi ne rasit ingantacce mai ɗauke da sunan mai sayarwa, da lambarsa ta haraji, da kwanan wata, da adadin harajin a ware. Cinikin baka da amana, wanda shi ne ginshiƙin hulɗa tsakanin 'yan kasuwar Minna da iyayen gidansu na Kano da Onica da Legas, ba ya tsayawa a matsayin hujja a gaban jami'in haraji. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane: rasit ɗin da ba a karɓa ranar ciniki ba da wuya ya samu bayan wata shida.

Sauran shirin na tsari ne. Hukumar NRS ta tarayya ce ke karɓar VAT, ba hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Neja ba, wadda aikinta ya shafi harajin kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane da makamantansa. Ana miƙa bayanin kowane wata ta intanet kafin ranar 21 ga watan da ke biye ta wuce, tarar rashin miƙawa kuma naira 100,000 ce a watan farko da naira 50,000 a kowane wata bayansa. Dole ne a adana littattafan lissafi na aƙalla shekara shida. An kuma fara tsarin rasit na na'ura da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a 2025, ana kuma saukowa da shi sannu a hankali, don haka raba asusun banki na sana'a da na gida da koya wa yaran shago rubuta ciniki aiki ne na yanzu.

Jihar ma tana da rabo a wannan ƙoƙari. Kason jihohi a kuɗin VAT ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, na tarayya ya sauko daga 15 zuwa 10, ƙananan hukumomi suka riƙe 35. Bayan adawar da gwamnonin Arewa suka nuna wa tsarin rabon da aka fara gabatarwa, a Kaduna a watan Oktoban 2024, an daidaita kan raba kason jihohi kashi 50 daidai-wa-daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 kuma bisa inda aka yi amfani da kayan. Ke nan duk cinikin da aka rubuta cewa a Neja aka ci shi yana ƙara abin da jihar da ƙananan hukumominta 25 za su samu. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Minna su nemi ƙwararrun akantoci su wayar da kan mambobinsu, kowane mai shago kuma ya buɗe littafin ciniki ya fara neman rasit daga yau.