Niche: Gem ɗin da ya bayyana dalilin da muturu ke jure wa kurmi, Bunaji kuma na ramewa

A shagunan gem na nan Minna, daga Bosso zuwa Tunga da Kpakungu, abin da za ka tarar yara na bugawa bai wuce ƙwallo da dambe da tseren mota ba. Haka abin yake a Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal. To akwai wani gem da ba a san shi sosai ba a wajenmu, sunansa Niche, wanda duk ɗan da ya tashi a gidan da ake harkar shanu in ya zauna a kansa na awa ɗaya zai rantse a kara aka tsara shi. Aikinka a ciki shi ne ka riƙe garken wasu dabbobi, ka ciyar da su, ka haɗa su barbara, ka hana zuri'arsu ƙarewa.

Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Stray Fawn Studio a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan ya yi shi. Asalinsa aikin makaranta ne na wata ɗaliba, Philomena Schwab, daga baya aka tara masa kuɗi ta intanet a 2016, cikakkensa ya fito a watan Satumban 2017. Ana buga shi a kwamfuta ta manhajar Steam da kuma na'urar Nintendo Switch.

Dabbobin ciki babu irinsu a duniya. Ka ɗauka an haɗa kyanwa da dila da ɗan kare a jiki ɗaya. Wani yana da ƙaho irin na rago, wani da ƙaya a baya kamar beguwa, wani ƙafarsa ta agwagwa ce, wani kuma haƙoransa na dafi ne. Babban abokin gabarsu wani dodo ne da ake kira Bearyena, rabinsa kura. Akwai kuma tsuntsun da ke sure jarirai in aka bar su su kaɗai, kamar yadda shirwa ke yi wa 'yan tsaki. Kowace dabba tana da iyakar motsin da za ta yi a rana, babba sau uku. Za ka zaɓa ko ta tsinko 'ya'yan itace, ko ta tono saiwa, ko ta kama kifi, ko ta yi faɗa, ko ta nemi mace. Abincin rumbu ɗaya ne, kowa daga ciki yake ci. Ransu gajere ne, kafin ka ankara wanda ka fara da shi ya tsufa ya mutu, jikokinsa ne a hannunka.

Inda gem ɗin ya bambanta da sauran shi ne wajen gado. Kowace siffa, ko ƙaho ko launin gashi ko ƙarfin gani, tana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, da ta shigo za a gan ta a jiki. Wata kuma mai laɓewa ce, tana nan a jini amma ba ta fitowa sai ta haɗu da 'yar'uwarta. Wanda ya yi bayoloji a sakandare zai tuna da Gregor Mendel da gwajin da ya yi da wake a wajen 1865. Wanda bai yi ba, ai ya san sikila. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma in ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Haka za ka haɗa dabbobi biyu masu gani garau a cikin gem ɗin su haifa maka makaho, ka rasa daga ina, sai ka buɗe jadawalin dangi ka ga ashe kakansu ɗaya ne kuma shi ya ɗauko abin.

Sannan akwai ƙwayoyin garkuwar jiki. Kowace dabba tana da biyu, an sa musu haruffa. In ta gaji iri ɗaya daga uwa da uba, to ciwo ba zai bar ta ba, kuma tana shafa wa na kusa da ita. Don haka in ka yi ta haɗa wa da ƙanwa, uba da 'ya, garken zai yi kyau na ɗan lokaci sannan ya fara zubewa. Dole ka jawo baƙo daga daji ka shigar da shi garke, ko da mummuna ne. Bafulatanin da ke aro bijimi daga wata ruga mai nisa, ko yake sauya bijimin garkensa kafin ya fara hawan 'ya'yansa, wannan lissafin yake yi, kuma tun kafin a ƙera kwamfuta yake yin sa.

Amma abin da ya sa na ga ya dace in kawo maganar a nan, musamman ga 'yan'uwanmu da ke zaune a kudu, shi ne abin da ke faruwa in ka tashi daga tsibiri zuwa wani. A gem ɗin akwai tsibirin ciyawa, akwai na rana mai ƙuna, akwai na fadama, akwai kurmi, akwai na ƙanƙara. Sai ka ɓata lokaci ka gina garke na ƙatti masu kaurin gashi da ƙarfin faɗa, kana alfahari da su, ka ƙetara da su ƙasar zafi, su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan siririn nan da ka kusa kora saboda ba ya iya faɗa, shi ne zai rayu ya haifi zuri'ar gaba. Sunan gem ɗin ma abin da yake nufi kenan, wato gurbin da kowace halitta ta dace da shi.

Yanzu ku dubi shanunmu. Farin sa na Bunaji, ko Bokolo na Sakkwato, ko jan Rahaji mai dogon ƙaho, su ne ake lodawa a tirela daga Mariga da Tungan Malam da sauran kasuwannin arewa zuwa Legas da Lokpanta. Su ne masu tozo da tsayi da nama, su ne ke jure wa rana da ƙishirwa da doguwar tafiya. Asalin shanu masu tozo daga yankin Indiya ne, kuma sun shigo Afirka ta Yamma ne a baya-bayan nan in aka kwatanta da marasa tozo, waɗanda suka yi dubban shekaru a nan. A cikin marasa tozon akwai muturu, ɗan guntun sa da tsayinsa da ƙyar yake kai mita ɗaya, wanda in ya shigo kara a arewa dariya za a yi masa. Akwai kuma Ndama, wanda asalinsa tsaunukan Futa Jalon ne a ƙasar Gini.

Abin da ya raba su shi ne ƙudan tsando. Wannan ƙudan yana son inuwa da laima, bakin rafi da duhun kurmi, kuma in ya ciji saniya yana zuba mata ƙwayar cutar da muke kira sammore. Danginta ne ke jawo wa mutum ciwon barci. Ƙwayar tana yaɗuwa a cikin jini, jinin ya yi ta raguwa, saniya ta rame, gashinta ya tashi, nono ya ƙafe, mai ciki ta yi ɓari, a ƙarshe ta kwanta. Muturu da Ndama su ma ƙudan yana cizonsu, cutar kuma tana shiga jikinsu. Bambancin shi ne jikinsu yana danne yawan ƙwayar, kuma jininsu ba ya zubewa kamar na mai tozo. Ba wani ne ya zauna ya tsara haka ba a cikin makiyaya. Shekara da shekaru a cikin kurmi, waɗanda ba su iya jurewa suna mutuwa da wuri, masu jurewa suna haihuwa, har abin ya zama jinin irin. Sai dai juriyar tana da iyaka, muturun da aka bari da yunwa ko aka gallaba da aiki shi ma sammore na kayar da shi.

Mu a jihar Neja muna tsakiyar abin ne. Nan ne ƙasar ciyawa ke fara haɗuwa da duhuwa, shi ya sa tun da can makiyaya ke gangarowa da rani lokacin da ƙuda ya ja baya, su koma arewa in damina ta kankama. Matsalar ta yi girman da tun zamanin Turawa aka kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna, kuma tana nan har yau. Abin da ya sa yanzu ake ganin fararen shanu zaune shekara da shekaru a wajen Iseyin da Saki shi ne an sare daji an yi gonaki, ƙudan ya ragu, ga kuma allura. Wurin ne ya sauya. Jinin Bunaji yana nan yadda yake.

Wannan magana ta zama ta kuɗi tun daga watan Mayun 2021, lokacin da gwamnonin kudu suka taru a Asaba suka ce sun hana kiwon yawo, jihohi irin su Ondo da Legas kuma suka sa hannu a dokar a cikin shekarar. Mutanenmu da dama a kudu sun fara tunanin killace shanu a wuri ɗaya. To sa da aka sauke daga tirela aka yanka cikin sati biyu, babu ruwansa da sammore. Amma karsanar da za ka ajiye shekara biyar a gefen rafi a Ogun ko Edo kana jiran ta haihu, wannan wani lissafi ne daban. Wanda ya zuba jarinsa duka a manyan fararen shanu don su ne masu kyan gani, ya yi abin da ɗan koyo ke yi a Niche. Tsaka-tsakin da aka daɗe da sani shi ne Keteku, wato ruwa biyu tsakanin muturu da mai tozo, wanda ake samu a yankin Borgu da Kwara da arewacin Oyo. Ya fi muturu jiki, ya fi Bunaji juriya. Ndama ma an shigo da su tuntuni aka ajiye a gonakin gwamnati irin ta Fashola a jihar Oyo.

Shi kuwa muturu ƙarewa yake yi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya cinye da yawa a gabas, sauran kuma ana ta haɗa su da masu tozo don a samu girma. Abin mamaki, 'yan'uwanmu da ke Inugu da Anacha sun san cewa a wajen Ibo wannan ɗan guntun san yana da daraja ta musamman a bikin binne manya, har yakan fi babban san arewa tsada. A ganina duk Bahaushen da ke da fili a can ya kamata ya yi wa wannan kasuwa kallo na biyu. A ɗaya gefen kuma akwai masu kwaɗayin shanun Turai masu yawan nono. A cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya an daɗe ana haɗa irin Firisiyan da Bunaji, kuma dalilin haɗawar shi ne zallar ta Turai tana shan wahala da zafinmu da kaskarmu.

Akwai wani ɓangare da gem ɗin bai nuna ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ita ma ƙwayar sammoren tana yin irin wannan sauyin. Magungunan da kowa ya sani a kara, Berenil da Samorin, sun haura shekara 60 a kasuwa. In aka dama ƙunshin sa ɗaya aka raba wa uku don a rage kashe kuɗi, ko aka yi wa ƙaton sa awon maraƙi, ko aka sayi jabu, maganin zai kashe raunanan ƙwayoyin ya bar masu taurin kai, su kuma su hayayyafa. Ƙuda ya kwashe su ya kai garken maƙwabci. Bayan wasu shekaru sai a ji ana cewa allurar yanzu ba ta da kyau. Sau da yawa allurar tana nan yadda take, ƙwayar ce muka tace da hannunmu. Likitocin dabbobi sun tabbatar da wannan taurin kan a ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya.

Na san wani zai ce, ai wannan ita ce maganar Darwin da ake cewa mutum daga biri yake. Gem ɗin bai taɓo asalin ɗan Adam ba ko kaɗan. Abin da ke ciki shi ne abin da ido ke gani a garke: ɗa yana gadon iyaye, 'yan'uwa suna bambanta, wuri yana tace wanda zai rayu. Allah ne ya halicci muturu ya halicci ƙudan tsando, ya kuma ba mu hankalin lura da yadda suke zaune tare.

Ba komai na gem ɗin ne ya yi daidai da rayuwa ba. A ciki kai ne ke zaɓar sabuwar siffar da kake so ta ɓullo a jikin jarirai, alhali a zahiri ba mai wannan ikon. A ciki zuri'a tana juyawa cikin mintoci, saniya kuwa wata tara take ɗaukar ciki, kuma karsanar Bunaji a ruga takan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari, don haka kuskuren zaɓen bijimi sai an yi shekaru ake ganinsa. Sannan babu kasuwa a ciki. Babu dillalin da zai zo gab da babbar Sallah ya taya bijimin da ya fi kowanne a garke da kuɗin da mai shi ba zai iya cewa a'a ba, ya tafi da shi Legas, a bar ragowar su yi barbara. Mu da muke wannan sana'ar mun san sau nawa hakan ke faruwa.

Gem ɗin da Turanci yake, amma yawancinsa hotuna ne da alamomi, kuma ba ya buƙatar babbar kwamfuta ko intanet bayan an sauke shi. Akwai ƙaninsa na waya mai suna Niche: Breed and Evolve, wanda ya fi sauƙi.