Hannu Nawa Ke Karɓar Haraji a New Bell?

Duk wanda ya ce ƙananan 'yan kasuwa ba sa biyan haraji, to bai taɓa wuni a babbar kasuwar Duwala da ke New Bell ba. Mai tireda, da mai tsire a Unguwar Hausawa, da ɗan bensikin mai jigilar fasinja a babur zuwa Makèpè, duk biya suke. Akwai kuɗin wurin zama na kasuwa, akwai abin da ofishin magajin gari ke karɓa, sannan duk sabulun da ka saya a kanti akwai harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari a kansa. Tun daga Janairun 2022 kuma, in ka tura kuɗi ta waya ko ka cira, gwamnati na yankar kashi 0.2. Jaka ɗari, sefa 200 ke nan, ban da ladan kamfani.

Duk da haka abin da Kamaru ke tarawa na haraji bai kai kashi 15 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, alhali masana na ganin ƙasa da haka gwamnati ba za ta iya riƙe asibiti da makaranta yadda ya kamata ba. Talaka na kuka, baitulmali ma na kuka.

Wani bincike da aka yi a Kananga ta ƙasar Kwango a 2018 ya kamata ya tsaya wa hukumominmu a rai. Masu binciken, su Jonathan Weigel, sun haɗa kai da gwamnatin lardin, aka rage wa wasu gidaje harajin gida, wasu har rabi, wasu kuma aka bar su yadda suke. Inda aka rage, masu biya sun ƙaru sosai, har kuɗin da aka tara ya zarce na inda ba a rage ba. Ashe da yawa ba taurin kai ke hana su biya ba, ranar da mai karɓa ya zo ce ba su da shi a hannu. Wani binciken Weigel na farko a garin ya nuna wanda aka nemi haraji a wurinsa ya fi zuwa taron gari don tambayar ina kuɗin suka shiga.

Duwala ba baƙuwar rigimar haraji ba ce. A 1931 matan garin sun fito zanga-zanga kan harajin kai na Turawan Faransa, a 1991 kuma, lokacin da 'yan adawa suka rufe garuruwa, ƙin biyan haraji na cikin makamansu.

A Disambar 2024 aka kafa sabuwar dokar harajin ƙananan hukumomi, wadda ta kawo haraji guda mai suna IGS ga mai cinikin da bai kai sefa miliyan 50 a shekara ba, a madadin tsohon tsarin. A takarda dabara ce mai kyau. Amma ni a ganina, muddin bayan ka biya wani zai sake tsayawa bakin rumfarka da nasa tikitin, kuma magudanan New Bell na ambaliya duk damina, suna kawai aka canza.

Kai kuma ɗan kasuwa, ka yanki lambar shaidarka ta mai biyan haraji, kuma kada ka saki ko dala ba tare da rasit ba.