Wata Farar Ƙwaya Ce, Likita

A makon jiya na je asibiti duba 'yar maƙwabciyarmu, yarinya 'yar shekara 16 da ke shirin rubuta jarrabawar fita sakandare. Ba don an nuna mini gadonta ba, da na wuce ta. Leɓɓanta sun farfashe sun yi ɓawon jini, idanunta sun manne da kwantsa, fatar bayanta kuwa ta saluɓe kamar an sheƙa mata tafasasshen ruwa. Ko ruwa sai ɗiga mata ake yi. Ba gobara aka yi a gidansu ba. Magani ta sha, wanda aka sayo a kyamis ɗin bakin layi.

Tari ne ya dame ta da ɗan zazzaɓi, uwar ta aiki ƙaninta ya karɓo magani. Aka ƙulla masa ƙwayoyi kala uku a leda, ba kwali ba suna, sai dai "biyu da safe, biyu da dare". Kwana uku jiki ya ƙara zafi, ido ya kaɗa ya yi ja, haɗiya ta gagara. Aka ce ai ƙyanda ce ta kama ta da girma, aka ci gaba da ɗura mata maganin, har da ƙarin jiƙo. Wata gwaggonta ma ta rantse cewa jifa ne, ba ciwon asibiti ba. Sai da fata ta fara bin zanin gado sannan aka nemi mota.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da uwar ta ba ni labari da bakinta. Likita ya tambaye ta, "Hajiya, akwai maganin da ta taɓa sha jikinta ya ƙi?" Ta ce akwai, bara waccan ta sha wani ta yi borin jini, leɓenta ya yi baƙi. "Wane magani ne?" Ta ce, "Wata farar ƙwaya ce, likita." Farar ƙwaya! To ai yawancin ƙwayoyin da ke kan kanta farare ne. Sai da aka koma wajen mai kyamis aka gano Septrin ne ya bayar, kuma shi ne dai na wancan karon.

Wannan baiwar Allah za ta lissafo miki sunan kowace atamfa da ke cikin akwatinta, ta kuma san ranar ɗaukar adashinta ko daga barci aka tashe ta. Amma sunan abin da ya taɓa yi wa 'yarta illa bai samu gurbi a kanta ba. Ba ita kaɗai ba ce, yawancinmu haka muke. Borin jini ya zo, a sha Piriton, ƙaiƙayi ya lafa, shi ke nan an rufe babi.

Jiki kuwa ba ya rufe babi. Idan garkuwar jiki ta ɗauki wani magani a matsayin abokin gaba, tana riƙe da shi, kuma in ya dawo takan far masa da sauri fiye da na farko. Baƙin tabon nan da ke fitowa a leɓe ko a gaba, ya ɓace, ya sake dawowa a wuri guda duk lokacin da aka sha maganin, gargaɗi ne ƙarara. Abin da ya samu yarinyar nan likitoci na kiransa da sunan Stevens da Johnson, likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1922. Yakan soma ne cikin makonnin farko na shan magani, kamar mura da zazzaɓi, kafin baki da ido da fata su ɗauka. Idan fatar da ta saluɓe ta haura kashi 30 cikin 100 na jiki, kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya tashi. Magungunan da suka yi ƙaurin suna a nan su ne dangin salfa, da wasu na farfaɗiya, da nevirapine na masu ƙanjamau.

A riƙe wannan da kyau: Septrin da Fansidar 'yan gida ɗaya ne, dukansu akwai salfa a ciki. Wadda jikinta ya ƙi ɗaya, kada ta kusanci ɗayan. Fansidar kuwa shi ake bai wa masu juna biyu a wajen awo don kare su daga zazzaɓin cizon sauro, akwai shi kuma cikin maganin da ake bi gida-gida da damina ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5. Magani ne mai amfani da ke ceton rayuka, ban ce a kore masu rabon ba. Amma idan sun tambaya ko yaro ya taɓa yin borin magani, a daina cewa "babu" don kawai a sallame su a koma kan tukunya.

Ba kowane ƙaiƙayi ba ne borin jini na gaske. Susar da kulorokwin ke sa mutanenmu da yawa wani abu ne daban, mai takura amma ba irin wannan haɗarin ba. Shi ya sa likita ke son suna, ba launi ba. Akwai kuma nau'in da ba ya jiran kwanaki, wanda allurar fenisilin ta yi suna da shi: cikin 'yan mintuna harshe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, mutum ya sulale. Wannan nau'in kam, manja ba ya yi masa komai, madara ma haka, Piriton ya yi kaɗan. Allurar adirenalin a cinya ake buƙata nan take, kuma wanda ya yi miki allura a bayan kanta da wuya a ce yana da ita.

Don haka duk maganin da ya taɓa sa wani a gidanku ƙuraje, kumburin fuska ko baƙin leɓe, a ajiye kwalinsa. A sa wanda ya iya boko ya rubuta sunan a bangon katin asibiti, a ɗauki hotonsa a waya, a faɗa wa yaron da kansa har ya haddace, a faɗa wa kakarsa da yake zuwa hutu wajenta. Amarya ta tafi ɗakinta da wannan sunan kamar yadda take tafiya da kayan kicin. Ƙwayar da aka ƙulla a leda ba suna, a mayar wa mai ita, ko ya rubuta ko a tafi wani shagon. Kuma idan ana cikin shan sabon magani sai ga zazzaɓi da jan ido da gyambon baki ko ƙuraje, kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya, a nufi asibiti a ranar, da ledar maganin a hannu. Mai shan na farfaɗiya ko na ƙanjamau shi ya fi kowa buƙatar hanzari, don sai an musanya masa da wani.

Yarinyar ta fara shan kunu da cokali. Likitan ido na leƙo ta kullum, saboda wannan ciwo kan bar tabo a ido har ya taɓa gani. Jarrabawa dai sai baɗi in Allah ya kai mu. Da na biyo ta bakin layinmu da yamma, na tarar da yara uku a tsaye gaban kanta, mai kyamis na ƙulla musu ƙwayoyi a leda.