Kwana Biyu a Bakin Zobe, Tekun Mutanen Katsina

Bakatsinen da ke son ya ga teku da idonsa sai ya ɗaura ɗamarar tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kafin ya isa Legas ko Badagiri, inda ƙauyukan masunta ke jere a bakin gaɓa. Yawancinmu ba mu da halin wannan, kuma 'ya'yanmu sun tashi ba su san babban ruwa ba sai a hoto. Shi ya sa da wasu ɗalibai suka matsa mana a kan su ma suna son fita shan iska a ƙarshen mako, muka ce to ga namu tekun nan kusa, madatsar ruwa ta Zobe da ke Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma. Muka haɗa magidanta uku da iyalansu da ɗaliban, muka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a farkon hunturu, lokacin da ruwan damina bai ja da baya ba tukuna.

Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma kimanin kilomita 60 ne, hanyar kuwa ta Kurfi take bi, ƙasar Maraɗin Katsina. A nan ne ido ke fara hutawa. Duwatsu manya sun ɗora wa juna kai a gefen hanya kamar da hannu aka jera su, ga karan dawa da aka gama girbe a gonaki, ga amalanken shanu suna jan kaya zuwa gida. A Kurfi muka tsaya sallar La'asar, a nan kuma gardama ta farko ta tashi, domin wani ɗalibi ya ɗauka tunda an fito daga gari, an zama matafiya ke nan, sai kasaru. Malamin da ke cikinmu ya tunatar da shi cewa a mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawan mutanen ƙasar nan ke bi, tafiyar kasaru sai ta kai burudi huɗu, wato mil 48, sama da kilomita 80. Tamu ba ta kai ba, don haka muka cika raka'a huɗu. Wanda ya taso daga Kano zuwa nan, shi yana da wannan rangwamen.

Mun kwana a Dutsin-Ma, garin 'Yandakan Katsina, wanda labarin da aka gada ke cewa ya samo sunansa daga wani maharbi mai suna Ma da ya zauna a kan dutsen da ke garin. Yau garin ɗalibai ne. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, saboda haka masauki da abinci ba su yi mana wuya ba. Abin da mai masaukinmu ya fi jaddadawa shi ne kada mu fita kafin gari ya waye sarai, kada kuma mu bari rana ta yi sanyi muna bakin ruwa. Babu wanda ya tambaye shi dalili. Dajin Rugu yana yamma, Safana da Ɗanmusa maƙwabta ne, kuma duk mun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Duk wanda zai kai iyalinsa wannan wuri, wajibi ne ya fara tambayar mutanen gari yadda hanya take a wannan makon, kuma ya tafi da ɗan gari.

Da hantsi ranar Asabar muka isa. Yaran da suka cika mota da surutu tun daga gida suka yi tsit. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganin ido, hazo ya haɗe ƙarshensa da sama, kwale-kwale kuma sun zama ɗigo-ɗigo a tsakiyarsa. Wata yarinya 'yar shekara shida ta kama hannun mahaifinta ta ce, "Baba, wa ya zuba shi?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta biyu ce. Wanda ya saukar da shi daga sama shi ne Allah Maɗaukakin Sarki. Waɗanda suka tare shi a nan kuwa mutane ne: an datse Kogin Karaduwa da ganuwar ƙasa mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi, aka kammala aikin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, tun Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. An gina madatsar don ta ɗauki ruwa kusan mita miliyan 180 na awon cubic, a shayar da garuruwa, a kuma yi noman rani a fili mai faɗin kusan hekta 8,000.

Abin takaici, wannan buri ya daɗe a kan takarda. Shekaru suka yi ta wucewa ruwa yana kwance, garuruwan da ke kewaye da shi suna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashin farko na aikin samar da ruwan sha daga Zobe, shekara 38 bayan kammala ganuwar. Yaron da aka haifa a shekarar da aka rufe kogin ya yi aure, ya aurar ma wataƙila, kafin famfo ya kawo. A duk tsawon wannan jira, waɗanda suka ci moriyar ruwan ba tare da jiran kowa ba su ne masunta da masu lambu na ƙauyukan bakin ruwa irin su Garhi da Makera.

A wurinsu muka fi daɗewa, kuma shi ne abin da ya sa tafiyar ta yi daraja. Mun tarar ana fitowa da kamun safe. Ga karfasa, ga tarwaɗa tana ta mutsu-mutsu a cikin daro, ga kurungu mai ƙaya wanda ke kuka idan an taɓa shi, ga ragon ruwa ɗaya da kowa ya zagaye. Wani dattijo da ke gyaran taru a gindin bishiya ya amsa sallamarmu, ya matsa mana tabarma. Muka ce, "Baba, sannu da aiki, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya, Malam, sannunku da zuwa." Daga nan ya shiga nuna wa ɗalibai kayan sana'a ɗaya bayan ɗaya: birgi da ake wurgawa ya buɗe a iska kamar laima, mamari mai ƙugiyoyi jere a igiya da ake kafawa da yamma a duba da asuba, da gura da ake binnewa a gefen ciyawa. Ɗalibin da ya yi gardamar kasaru ya nemi ya gwada birgi, ya wurga, ragar ta faɗo a dunƙule a gaban ƙafarsa, yaran masunta suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Da hira ta yi nisa, dattijon ya koma kan abin da ke damunsa. A faɗarsa, kifin ya ragu kuma ya ƙanƙance, ba don ruwa ya gaza ba, sai don masu sa raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, da masu shiga su a lokacin da kifi ke ƙwai. Ya ce da can maganar sarkin ruwa ta isa ta hana wannan, yanzu kuwa yunwa ta fi sarkin ruwa ƙarfin murya. Ya ƙara da cewa da yawa daga samarin da bashi suke karɓar raga, su kuma sayar wa mai bashin kamunsu a farashin da ya yanka. Mun duba darukan da ke gabanmu, lallai akwai tulin ƙananan kifi da ko gishiri ba su cancanta ba. A nan mu masu saye muna da hannu. Muddin za mu yi rububin ƙananan saboda arha, mai ƙaramar raga ba zai daina ba. Mun kuma lura da wata ɗabi'a tamu ta mutanen birni da ta ba mu kunya: mutumin da ba ya taya kaya a babban kanti, sai ga shi yana ja-in-ja da wanda ya kwana a kan ruwa cikin sanyi saboda 'yan canji.

Azahar ta same mu a can. Wata daga cikin matan ta yi shakkar alwala da ruwan saboda ya yi launin ƙasa, sai malam ya bayyana cewa ruwan da ya canza saboda taɓo ko gansakukar mazauninsa yana nan a kan tsarkinsa. Ya kuma ambaci hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, inda masu tafiya a jirgin ruwa suka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da alwala da ruwan teku, amsar ta haɗa tsarkin ruwan da halascin mushen abin da ke cikinsa, dalilin da ya sa ba a yanka kifi ke nan. Yaran sun sha jin wannan a Islamiyya, amma ranar ce suka ji shi ƙafafunsu na cikin laka. Wanka kam mun hana, domin ruwan da ke kwance yana iya ɗaukar tsargiya, kuma gefen dam yana da ramuka da baƙo bai sani ba. Shiga kwale-kwale ma mun taƙaita shi ga manya uku-uku, kusa da gaɓa, tunda ba mu ga rigar ruwa ko ɗaya a wurin ba.

Matan masunta suka soya mana karfasa da man gyaɗa, aka barbaɗa yaji, muka ci da gurasar da muka taho da ita, maza a inuwa ɗaya, mata a wata. Da muka tashi tafiya, dattijon ya sa jikansa ya kawo mana tarwaɗa banda guda biyar a ƙunshe cikin takardar siminti, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce baƙo ba ya barin bakin ruwa hannu rabbana. Sai da muka bi ta wurin jikan muka saka masa kuɗin sabuwar igiyar mamari a aljihu.

Ƙarfe uku da rabi ɗan garin da ya rako mu ya fara duban agogo, muka kwashe tabarmi. Mun sake kwana a Dutsin-Ma, ranar Lahadi da hantsi muka kama hanyar gida. Muna wuce Kurfi motar duk ta gauraye da ƙamshin banda, yarinyar nan mai tambaya kuwa ta yi barci riƙe da wani kwanson kodi da ta tsinto a bakin ruwa.