Ko Kun Sani?

Gidan da aka kayar a Yaƙin Basasar Kano ya rasa gadon sarauta, amma littafin zamaninsa duniya ta fi karantawa in ana zancen sarakunan Kano.

Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan tsohon Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi mubaya'a, suka fice zuwa Takai a bayan ɗan'uwansu Yusufu. Yusufu ya rasu, ɗan'uwansa Alu Babba ya ja rundunar ya ci birni a 1894, aka gama da Tukur a 1895. Tun daga ranar, duk sarkin da ya hau zuriyar Maje Karofi ne.

Sai dai tsohon littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, a kan Bello ya tsaya, yana yabon kyautarsa. Masana irin su Murray Last na ganin a zamanin Bello aka harhaɗa shi. Ɗalibi daga Kumbotso ko Kura da ya buɗe shi ba zai ga basasa ba, balle nasarar Yusufawa.